Fitilar Shagon Seu Belmiro

Litinin, 4 ga Agusta

Yau na fara a sabon sashe. Hawa na huɗu, tebur kusa da taga, kujerar tana kuka idan na juya. Shekara da shekaru ina ƙasa ina buga lasisin tasi da na masu rumfar kasuwa, yanzu ga ni cikin masu sa ido kan kamfanonin gasar haɗa ƙungiya. Dokta Heloísa, shugabar sashen, ta ce ta zaɓe ni ne don ba na tsallake layi idan ina karatu. Ban sani ba ko yabo ne. Sauran duk sun yi jami'a.

Bari in rubuta yadda ta yi bayani, don in tabbatar na riƙe. Mutum zai buɗe manhaja a waya, ya zaɓi 'yan ƙwallo sha ɗaya na gaske daga kulob daban-daban, ya biya kuɗin shiga. Abin da suka yi a fili ƙarshen mako, shi ne makinsa. Namu aikin: ba kamfani lasisi, mu tabbatar yara ba sa shiga, kuɗin jama'a na ajiye daban, kuma duk wanda zai iya leƙa cikin tukunya ba ya wasa. Ina ta gyaɗa kai kamar yau na fara ji, alhali da wannan hirar nake cin abinci kullum a gidanmu.

Sai ta zo kan ƙa'idar gida ɗaya. Ma'aikacin sashen ba ya wasa, haka duk wanda ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da shi. Za a ba da suna da lambar katin shaida, kamfanoni su rufe asusun. Ta ce, "Valdirene, akwai mai yi a gidanki?" Na ce mahaifina, amma sama-sama.

Sama-sama. Allah ya yafe min.

Talata, 5 ga Agusta

Baba na wanka na ciro katinsa daga walat, na kwafe lambar, na mayar. Da na tambaya zai ba ni. Amma zai ce na mene ne.

Abin da na gaya masa kawai, an mai da ni sama. Ya ce, "Sama kuma? Ki riƙa hawa da ƙafa, lif ɗin gwamnati ba abin yarda ba ne." Har yanzu a wurinsa tasi nake ba lasisi.

Zan gaya masa ranar Juma'a.

Juma'a, 8 ga Agusta

Ban faɗa ba.

Na dawo na tarar yana aski yana waƙa. Juma'a ce ranar da suke haɗuwa a shagon Seu Belmiro, dattijon unguwarmu, su goma sha wani abu, kowa da tabarau da waya, su haɗa ƙungiyoyinsu kafin a rufe zaɓe. Tun da Mama ta rasu, wannan ne kaɗai ke sa shi aske gemu. Sunanta ma ya sa wa ƙungiyarsa, Taurarin Zilda. Bara shi ya ci gasar shagon, kofin yana bisa firji, gwangwanin man zaitun ne da aka shafa wa fentin zinare.

Ya tsaya a ƙofa yana gaya min wani ɗan baya da ya gano, mai arha, ba wanda ya lura da shi. Fuskarsa. Na ce a dawo lafiya.

Lahadi, 10 ga Agusta

Ranar iyaye maza. Na saya masa rigar sanyi, na dafa kaza da kuɓewa yadda Mama ke yi. Ya rungume ni ya ce ba wanda ya kai shi dacen 'ya. Ba ranar faɗar irin wannan magana ba ce. Haka na ce wa kaina.

Alhamis, 14 ga Agusta

An rufe.

Ya miƙo min wayar ina ajiye jaka. "Direne, duba min, ke da kika iya yaren gwamnati." Layi ɗaya ne: an dakatar da asusunka bisa ga doka. Ba dalili. Na daɗe ina kallon rubutun kamar mai wahalar karatu. Na ce wataƙila na'urarsu ce ta rikice, za ta gyaru.

Ta farko shiru ce. Wannan kuwa ƙarya ce da bakina.

Litinin, 18 ga Agusta

Fitila ta zo gidanmu.

Tsohuwar fitilar kananzir ce ta shagon, ja, gilashinta ya tsage. Duk wanda ya zo na ƙarshe a mako shi zai ɗauke ta ranar Litinin, ya bi layi da ita a hannu kowa na gani, ta zauna gidansa har wata Litinin. Baba bai taɓa kawo ta ba, yana yawan alfahari da hakan. Wannan makon ba shi da maki ko ɗaya.

Ya ajiye ta tsakiyar teburin kicin yana dariya. Wai abokinsa Tonho Sanƙo ya raka shi har kwana yana kaɗa marfin tukunya. Na yi dariya ni ma. Na ture farantin wake gefe.

Laraba, 20 ga Agusta

Mun je duba kamfanin da Baba ke wasa a ciki, lasisinsu ya kusa sabuntawa. Ɗaki biyu ne a bayan wani bene, matasa da kwamfutoci. Komai nasu tsaf. Ni aka ba duba yadda suke amsa koke.

Matar da ke ɗaukar waya ta kawo min kofi da burodin cuku. Tana hira ta ce wanda ya fi damunta wani dattijo ne mai kira kullum da safe. "Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Cewa yake, 'yata, ki gaya min laifina kawai. Kuma ku ne kuka hana mu faɗin dalili." Gaskiyarta. An hana ne don kada a san gidajen ma'aikata.

Na rubuta cewa suna bin ƙa'ida. Na cinye burodin har ƙarshe.

Litinin, 25 ga Agusta

Ya fita da fitila, ya dawo da ita.

Yau ba dariya. Sai da na zuba abinci ya yi magana, yana kallon faranti. Tonho ya ce ba a rufe wa mutum asusu haka kawai, masu asusu biyu ake rufewa, da waɗanda caca ta cinye har iyalinsu suka kai ƙara. "Ya ce, Tide, yanzu mun gane yadda aka ci kofin bara." Tide suke kiran Baba a can. Aka yi dariya. Seu Belmiro ya ce a bari, amma shi ma bai ce ƙarya ba ne.

"Shekara talatin ina garejin motocin bas, Direne. Ko noti ban taɓa sa wa a aljihu ba."

Na san Tonho da tsiya yake yi. Na kuma san Baba ba ya jin irin wannan a matsayin wasa. Bakina ya buɗe. Abin da ya fito: in ƙara maka miya?

Juma'a, 29 ga Agusta

Bai yi aski ba. Bai fita ba. Kofin ya bar kan firji, na gan shi a kabad ɗin ƙasa tare da tsofaffin robobi.

Asabar, 30 ga Agusta

Jiya a ofis na nemi ƙa'idar na karanta ta daga farko. Tunanina, in roƙi a mai da ni ƙasa wurin tasi, a buɗe masa asusu, shi ke nan ba sai ya sani ba. Ashe ko na bar sashen yau, dakatarwar tana nan har ƙarshen kakar wasa.

Ga abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba: da na karanta, sanyi na ji. Ina son aikin nan. Ina son taga, ina son yadda Dokta ke cewa a ba Valdirene ta duba. Ba tsoron ɓacin ransa kaɗai ya rufe min baki ba. Tsoro nake ya ce in bari, ko kuma ya ce kada in bari, in ga abin da ya sadaukar.

Seu Belmiro ya kira wayar gida. Baba ya ce in ce yana barci.

Talata, 2 ga Satumba

Ban san ta ina zan fara ba.

Ranar Talata ni ke zama tagar karɓar koken jama'a. Da hantsi na danna lamba ta gaba ina gyara takardu, ban ɗaga kai ba. Rigar sanyin na fara gani. Ya yi aski, ya sa takalmin zuwa coci, hula a hannu. Matar kamfanin ce ta ba shi adireshin hukumar da ke sa musu ido, ya hau bas biyu ya zo.

Ya dube ni. Ya ɗaga kai ya karanta allon da ke saman tagar, a hankali, leɓɓansa na motsi. Ya sake dubana.

Na ce, "Baba."

Ya ce, "Ina kwana, malama. Koke na kawo."

"Baba, mu je waje in..."

"Na bi layi, malama. Lambata ce aka kira."

Akwai mutane a bayansa. Dokta tana tsaye wurin injin kwafi, tana ji. Ya ciro katinsa ya tura ta ƙarƙashin gilashi. Ban taɓa katin ba, na riga na buga lambar da ka. Ya ga hakan.

"Aristides Pimenta. An rufe min asusu. Laifina nake so in ji."

Na ce ba shi da laifi. Na ce ƙa'ida ce, duk wanda ke gida ɗaya da ma'aikacin wannan sashe ba ya wasa. Muryata kamar ta rediyo.

"Wa ya ba da sunana?"

"Ni."

"Yaushe?"

"Farkon watan jiya."

Ya tsaya yana lissafi, na san abin da yake jerawa: kaza da kuɓewa, wayar da ya miƙo min, fitila. Ya ɗauki katin ya sa a walat, ya tura walat ɗin can cikin aljihun gaba, ya danna maɓalli.

"To. Na gode, malama. Aiki na kyau."

Ya sa hula ya fita. Na danna lamba ta gaba. Wani ne da ke cewa an hana ɗan wasansa maki. Na rubuta kokensa daidai, ban tsallake komai ba.

Sai da yamma Dokta ta zo. Ta tsaya a teburina ta ce, "Sama-sama, ko?" Ba da faɗa ba. Da faɗan ta yi da ya fi.

Laraba, 3 ga Satumba

Jiya na yi ta ba shi haƙuri ta bayan ƙofa. Da safe ya fito ya ce abu ɗaya. "Wasan ba komai ba ne. Da kin ce Baba, aikina ne, da ni zan rufe da hannuna, in je shago in yi musu kuri. Amma kina zuba min miya ana ce min ɓarawo."

Ya dafa kofinsa shi kaɗai. Kofi ɗaya.

Juma'a, 5 ga Satumba

Na ɗauki fitilar na kai shagon da kaina. Ban san haka take da nauyi ba, kuma ban san layinmu na da tagogi da yawa haka ba.

Duk suna nan, kujerar Baba an ɗora mata kwalin kwalabe. Tonho ne ya fara hango ni. "Kai jama'a! Tide ya aiko lauya!"

Na ajiye ta a kan kantar shagon. Na tsara maganar tun a bas ɗin dawowa daga ofis, amma ta watse. Na ce ni ce. Na ce ina aiki a hukumar da ke ba kamfanonin lasisi, doka ta hana mutanen gidana wasa, ni na ba da sunansa ban gaya masa ba. Bai taɓa yin asusu biyu ba. Asusu ɗayan ma ni na buɗe masa, don bai iya ba.

Seu Belmiro ya ce, "'Yar nan, ke da muka ba alewa a shagon nan, ke ce gwamnatin?"

Wani ya ce, "To tunda gwamnati ta zo, a duba min makin makon jiya, an cuce ni."

Aka ɗan yi dariya. Tonho bai yi ba. Yana ta shafa sanƙonsa. Ya ce, "Ni fa tsokana ce. Shekara arba'in ina tsokanarsa." Na ce na sani, Seu Tonho, amma ya sauke kofin daga firji.

Ya ce, "Ya sauke?"

Seu Belmiro ya zuba min lemo, ya ƙi karɓar komai. Ya ce, "Kin yi wauta, amma kin zo da ƙafarki. Uwarki ma haka take, sai abu ya ƙone take kiran mutane." Na juya zan tafi ya ce in bar fitilar, wanda ba ya cikin gasa ba ya zama na ƙarshe. Suka duba wa ke bin Baba daga ƙasa. Tonho ne.

Da na gaya wa Baba, cewa ya yi, "Wa ya aike ki, malama?"

Lahadi, 7 ga Satumba

Bayan coci Tonho ya zo, fitila a hannu ɗaya, ƙunshin soyayyen nama a ɗayan. Ya tsaya a ƙofa yana ihu. "Tide! Fito ka ga abin da 'yarka ta ja min! Matata ta ce ko ni ko fitilar nan!"

Baba ya bar shi ya daɗe a rana. Daga baya na ji su a baranda.

"Na ce ka yi maguɗi, na janye. Ba ka da wayon yin maguɗi."

"Kai kuma ko asusu goma aka ba ka, fitila goma za ka kwaso."

Na kai musu kofi. Tonho ya ce na gode 'yata. Baba ya ce a ajiye a nan.

Laraba, 10 ga Satumba

Taron sashe. Ban taɓa magana a taro ba. Na ɗaga hannu. Na ce saƙon da kamfanoni ke aika wa mutanen gidan ma'aikata yana sa a zarge su. Na ce ko ba za a faɗi dalili ba, a ƙara layi ɗaya: wannan ba don wani laifi naka ba ne. Wani lauya ya ce sai an duba ko hakan bai saɓa wa wani sashe ba. Na ce na duba, na faɗi shafin. Dokta ta ce in rubuto.

Wataƙila ba za a amince ba. Wataƙila na yi kuskure a shafin, na sake dubawa sau biyu bayan taron. Ko an amince ma, ba zai mayar wa Baba komai ba.

Juma'a, 12 ga Satumba

Ya yi aski. Bai yi waƙa ba, amma ya fita.

Seu Belmiro ya share allon da yake rubuta abincin rana, ya ba shi alli. Can zai riƙa rubuta 'yan wasansa kowace Juma'a, ba kuɗin shiga, ba kyauta, ba ya cikin jeri. Litinin su haɗa masa maki da hannu don a ga da ina zai tsaya. Seu Belmiro ne ya kira ni tun da rana ya tambaya ko gwamnati ta yarda da alli. Na ce zan duba. Na duba. Ba ruwan doka da alli.

Baba bai gaya min komai ba. Ni ma ban nuna na sani ba. Hannun rigarsa fari fat.

Lahadi, 21 ga Satumba

Zafi ya fara. Itacen ƙofar gida ya zubar da furanni rawaya, na share, ya sake zubarwa.

Har yanzu malama ce. Malama, an kawo takardar wuta. Malama, gishiri ya ƙare. Ban ce ya daina ba, ba ni da bakin cewa. Kofin bai koma kan firji ba, amma ya fito daga kabad, yana kan taga, an zuba masa alli a ciki.

Da la'asar ya tafi shago kallon wasa. Na zauna guga. Gidan ya yi shiru da yawa, shi ya sa na kunna rediyon Mama, ba don wasan ba, tashar ce kawai ke kamawa sosai a kicin. Ɗan bayan nan nasa mai arha ya ci ƙwallo da ka. Na ƙona wuyan rigar ofis. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya ta ji ihu, na ce dutsen guga ne.

Ya dawo ya rataye hula. Yana wanke hannu, bai juyo ba, ya ce, "Yaron nan ya ci."

Na ce, "Da ka. Daga kwana."

Ruwan famfo ya yi ta zuba. Sai ya rufe, ya ɗora butar kofi a wuta. Ban leƙa in ga kofi nawa ya sauko da su ba. Na ji ƙararsu dai da suka haɗu.